Karatun Soro da Karatun Kemistiri: Shawara Ga Masu Kafa Ƙungiyar Bita

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin maganar kemistiri a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'ada. Wani ma zai ce, ina ruwan biri da gada? Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni sannu a hankali, domin a ganina al'amarin ya shafe mu fiye da yadda muke zato, kuma idan muka kau da kai daga gare shi, to, wani yanki ne na aikinmu muka bar wa waɗanda ba su da kayan yinsa.

Gidanmu yana nan Kabuga, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Akwai wani ɗan ƙanin mahaifina da muka tashi tare a gidan, yaro mai hazaƙa wanda tun daga firamare har ya gama sakandare ba a taɓa jin ya faɗi jarrabawa ba. Da ya sami shiga jami'a ya karanta kemistiri, sai ya ci gaba da irin karatun da ya saba, watau ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ya buɗe takardun lacca ya yi ta haddacewa tun bayan lisha har wajen asuba. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa, in ka tambaye shi abokan karatunsa sai ya ce ba shi da lokacin surutu. Da sakamakon zangon farko ya fito, sai ga shi ya faɗi babban kwas ɗin kemistiri na 'yan shekarar farko, wanda shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Ya yi wajen wata biyu yana ɓoye wa mahaifinsa, mutumin da ke tara kuɗin makarantar daga ɗan abin da yake samu a kasuwa. Wanda bai taɓa ganin yaro mai ƙoƙari ya fara zargin kansa da daƙiƙanci ba, ba zai san nauyin wannan abu ba. Har ya fara maganar barin karatun ya koma rumfa.

Da shekara ta zagayo zai sake kwas ɗin, sai shi da wasu da abin ya ci tare suka yanke shawarar su riƙa haɗuwa suna bita a soron gidanmu, tsakanin la'asar da magariba. Ni kuwa da yake a nan nake zama da nawa littafin, sai na zama ɗan kallo, daga baya na zama mai sauraro da kunnen ɗalibin harshe. Abin da na gani a wannan soro cikin zango guda shi ne dalilin wannan rubutu.

Makonnin farko dai taron tsintsiya ne ba shara. Mutum goma sha biyu ne ke cika soron, wasu ma a tsaye. Akwai ɗaya a cikinsu da ya fi sauran gane abin, sai ya tashi ya kama ɗan allo ya yi ta bayani da Turanci kamar yadda ya ji daga bakin malami, sauran suna gyaɗa kai suna kwafa. In ya ce an gane, sai a ce an gane. Watau dai laccar safe ce aka sake yi da yamma, sai dai wannan karon malamin bai kai na safe sani ba. Ban da wannan kuma suna da wani zaure a WhatsApp mai ɗauke da ɗaruruwan mutane, wanda su ma suke kira ƙungiyar karatu, alhali ba abin da ake yi a ciki sai tura hotunan tambayoyin bara da amsoshin da ba a san wanda ya warware su ba, da cigiyar wanda ya ga wane.

Wata rana mahaifina zai fita masallaci, ya tsaya a bakin soron ya ɗan saurara. Shi bai yi boko ba, amma ya shekara da yawa yana ɗaukar karatu a zaurukan cikin gari. Sai ya ce musu, "Samari, wannan karatu naku, na ji mai jan baƙi, to, ina mai fassara?" Suka yi dariya suka ce, "Baba, ai wannan ba ya fassaruwa." Ya ce, "To, ku dai duba. Mu a wurinmu, wanda bai iya faɗin ma'ana da bakinsa ba, ba a ƙara masa, ko da ya haddace shafin kamar ruwa." Ya sa takalmansa ya wuce.

A nan nake so mu dakata, domin maganar tsohon nan ita ce ginshiƙin ra'ayina. Mu mutanen Kano ba baƙin karatun taro ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san tsarinta: ɗalibi ya karanta baƙin Larabci daga Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam ya bi shi gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, sauran ɗalibai suna zaune suna ji, har wanda bai kai wurin ba ya tsinci nasa rabon, wanda ya wuce kuma ya sami maimaici. Kafin a zo gaban malam, ɗalibin kirki ya riga ya yi muɗala'a shi kaɗai, ya san inda ya cije masa. Bayan an tashi kuma sai abokan ɗaukar littafi ɗaya su keɓe su biya wa juna, wannan ya faɗi ma'ana wancan ya gyara masa. Haka mahaddata ke yi a tsangaya, su zauna wannan ya ja, sauran suna kasa kunne, da ya yi tuntuɓe a tare shi, kuma ba wanda yake ɗaukar gyaran a matsayin cin fuska. Da irin wannan tsari aka yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da littattafai masu tsauri irin su Muhtasar, a cikin harshen da ba na uwa ba, ga mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Ita kanta Jami'ar Bayero a cikin wannan gida aka haife ta. A shekarar 1960 aka fara ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni, a 1962 aka sake mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ba ta zama jami'a mai cin gashin kanta ba sai a 1977, kuma darussan kimiyya daga baya suka zo suka tarar da na Larabci da addini da adabi. Abin mamaki ne a ce jikokin masu wannan tsari su ne yau suke ganin in dai karatu na Turanci ne, to, ba shi da hanya sai hadda a kaɗaice.

Ba a ranar suka ɗauki maganar ba, amma ta yi musu tsaye a rai. Da aka ce daga yau kowa zai riƙa tashi yana bayani, sai taron ya fara raguwa da kansa, masu zuwa kwafa suka janye jiki, aka bar mutum biyar. Tsarin da suka zauna a kansa mai sauƙi ne. Ana rabuwa da tambayoyi huɗu ko biyar, kowa ya je ya gwada su shi kaɗai a gida. In an haɗu, wanda ya fi kowa shakkar amsarsa shi ne zai fara tashi, ya karanta tambayar da Turanci, sa'an nan ya rufe takarda ya faɗa da Hausa abin da ake nema da dalilin kowane mataki da ya bi. Wanda ya fi su sani ba ya magana sai a ƙarshe.

Bari in kawo misali, domin kada a ɗauka yabo kawai nake yi. Akwai wani ma'auni da ake kira mol, wanda kusan duk lissafin kemistiri a kansa yake tafiya. Ɗan'uwan nan nawa ya haddace cewa mol guda yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, yana iya rera maka shi ko cikin barci. Amma ranar da aka ce ya faɗa da Hausa mene ne mol, sai ya ce nauyi ne, wani ya ce a'a, mudu ne. Suka yi ta ja-in-ja har ɗaya daga cikinsu, wanda mahaifinsa ke da kanti, ya ce ai dozin ne. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kabewa duk sha biyu-sha biyu ne, amma wanda ya ɗauki na kabewa shi zai san ba nauyinsu ɗaya ba. Haka mol ɗin ruwa yake giram 18, na gishirin miya kuwa giram 58 da rabi, alhali adadin da ake ƙirgawa a cikinsu ɗaya ne. Na ga fuskar ɗan'uwana a wannan lokaci. Abin da ya shekara yana haddacewa, a ranar ya fara saninsa.

Wani misalin ya fi wannan nuna haɗarin karatun kaɗaici. Akwai aikin da suke yi na auna yawan alkalin da zai kashe kaifin asid. Ya haddace wata 'yar ƙa'ida ta lissafi daga misalin da ke cikin takardarsa, inda ƙwayar asid ɗaya ke buƙatar ƙwayar soda ɗaya. Sai aka kawo tambaya a kan asid ɗin da ke cikin ruwan batir, wanda kowace ƙwaya tasa ke buƙatar ƙwayar soda biyu. Ya ɗora ƙa'idarsa yadda ya saba, amsa ta fito sumul, ba alamar kuskure a jikinta. Da yana ɗaki shi kaɗai, da ya ja layi biyu a ƙarƙashinta ya kwanta da farin ciki. Amma da ya tashi zai faɗi dalili da baki, sai aka tambaye shi, ina biyun da ke cikin daidaiton ya tafi? Nan ya tsaya. Wani ya ce masa, "Kai ka saba da baro mai taya ɗaya, an kawo maka keke ka saya masa taya ɗaya." Ya ce mini daga baya yana kyautata zaton irin wannan ramin ne ya yi ta faɗawa a jarrabawar bara, ya fito yana murna.

Wannan shi ne abin da ƙungiyar bita take yi wanda littafi ba ya yi, malami mai ɗaruruwan ɗalibai a gabansa kuma ba shi da halin yi. Littafi ba ya jin ka, balle ya tare ka. Mutum kuwa ba ya ganin ƙeyarsa.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin soro ɗaya ne kawai, domin an lura da irinsa a wasu ƙasashe. A shekarun 1975 da 1976 wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, ya damu da yadda ɗalibai baƙaƙen fata masu hazaƙa ke faɗuwa a lissafin shekarar farko, alhali 'yan asalin Sin suna wucewa. Sai ya bi rayuwar ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, yana duba yadda suke karatu. Ya tarar ba ƙoƙari ne ya raba su ba. Kusan dukkan na farkon kowa shi kaɗai yake karatunsa, ya raba abokan hira da harkar littafi. 'Yan Sin ɗin kuwa sukan fara yin aikin kowa shi kaɗai, sa'an nan su haɗu da yamma su duba na juna, su yi gardama, su gyara wa juna. A kan wannan ya kafa wani shiri na haɗa ɗalibai cikin ƙananan rukunoni, kuma abin lura shi ne bai ba su tambayoyi masu sauƙi don tausayi ba, masu tsauri ya ba su. Daga baya, a farkon shekarun 1990, wani malamin kemistiri mai suna David Gosser, a Kwalejin Birni ta Niyok, ya fara wani tsari musamman saboda kemistirin shekarar farko: ɗalibai shida zuwa takwas su haɗu sau ɗaya a mako na wajen awa biyu, ƙarƙashin jagorancin wani ɗalibi da ya ci kwas ɗin da kyau a baya, wanda aka hore shi da kada ya yi lacca, kada kuma ya ba da amsa, aikinsa ya sa su magana. Tsarin ya bazu zuwa jami'o'i da dama a can. In ka cire sunayen, ai muɗala'a ce da biyawa.

To, amma akwai inda namu ya bambanta da nasu, kuma nan ne maganar ta iso ƙofar sashenmu. Su da harshe ɗaya suke lacca, da shi suke gardama. Mu kuwa yaro yana tunani da Hausa, yana sayen goro da Hausa, yana mafarki da Hausa, sa'an nan a ce ya fahimci abin da ido ba ya gani da Turancin da bai taɓa amfani da shi ba sai a aji. Na sha jin ɗaliban kimiyya suna jin kunyar a ji su suna bayani da Hausa, wai alamar rauni ce. Ni a ganina alamar rauni ita ce mutum ya kasa. Ai ba yau aka fara gwada koyar da kimiyya da harshen gida a ƙasar nan ba. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara shirin nan na shekara shida a Ile-Ife, inda aka koyar da 'yan firamare lissafi da kimiyya da Yarabanci, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Gaskiya ne firamare daban, jami'a daban, kuma ba ina cewa a mayar da laccar kemistiri Hausa gobe da safe ba. Abin da nake cewa bai kai nan ba: a cikin awa biyun da ɗalibai biyar suke zaune su kaɗai, ba dalilin da zai sa su hana kansu harshen da suka fi kaifi da shi.

Kuma harshen ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da kayansa. Da suka iso babin asid da alkali, sai aka aiko musu da zoɓo daga cikin gida, ɗaya ya ce a kawo kanwa da lemon tsami. Kofin da aka matsa wa lemo ya ƙara ja, wanda aka jefa wa kanwa ya juye ya yi duhu ya doshi kore. Kowace uwa a Kano ta san kanwa tana kashe tsami, ta san abin da take yi wa wake da kuka da kuɓewa, sai dai ba ta san da Turanci ake ba da digiri a kansa ba. Da suka zo babin da ke bayanin yadda abu ke karɓar iskar oksijin ko ya rabu da ita, sai wani ya tuna da marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Launin baba ba ya bin ruwa haka kawai, sai an tsima shi da toka a cikin karofi ya yi kwanaki ya sake hali, sa'an nan ya shiga zare. Shi ya sa in marini ya ɗago zane daga rijiyar yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka. Abin da ke shafi na kaza a littafinsu ke nan, ga shi ana yinsa kullum a tafiyar da ba ta fi ta adaidaita sahu ɗaya daga Kabuga ba. Sai dai in yi gargaɗi a nan, gwajin soro ya tsaya a kan zoɓo da kanwa. Asid na gaske da soda mai ƙuna wurinsu ɗakin gwaje-gwaje, gaban malami.

Yanzu kuma bari in faɗi abin da masu suka za su ce, domin suna da hujja, ni ma na gani da idona. Hausar da muke da ita a yau tana da ramukanta a wannan fage, kuma wanda bai san da su ba zai faɗa. Mu kalma ɗaya muke da ita, narkewa, ga man shanun da aka ajiye a rana da kuma sukarin da aka zuba a shayi, alhali a wurin masu kemistiri abubuwa biyu ne mabambanta ƙwarai: na farko zafi ne ya mayar da daskararren abu ruwa, na biyu kuwa abu ne ya watsu a cikin wani. Ɗaya daga cikin yaran ya rubuta da Turanci cewa gishiri ya yi irin narkewar man shanu a cikin ruwa, kuma Hausa ce ta ja shi. Haka muke cewa zafi ga abin da ma'aunin zafi ke nunawa da kuma yawan ƙarfin da wuta ta zuba a cikin abu, alhali kofin shayi da tukunyar shayi suna iya nuna lamba ɗaya a ma'auni, amma ba itace ɗaya suka ci ba. Iska kuwa ita ce wadda ke kaɗawa, ita ce wadda muke shaƙa, ita ce kuma kowane irin gas. Uwa-uba kalmar sinadari, wadda asalinta abin da maƙera ke liƙa ƙarfe da shi ne, yau mun ɗora mata kaya har ta durƙusa: ita ce kowane ɗaya daga cikin tushen abubuwa 118 da ke cikin jadawalin da Mendeleev ya fara tsarawa a 1869, ita ce abin da aka harhaɗa daga gare su, ita ce kuma ɗanɗanon da ake jefawa a miya. Saboda haka dole zaman bita ya ƙare da Turanci. In an gama gardama da Hausa an fahimta, sai kowa ya juya baya ya rubuta amsar da harshen da za a tambaye shi ranar jarrabawa, a karɓa a duba. Ƙungiyar da ta tsallake wannan mataki ta yi wa 'ya'yanta rabin aiki.

Wani abin tsoron shi ne makaho ya ja makaho. A zaure, in ɗalibai sun saɓa a kan ma'ana, gobe da asuba malam yana nan a kan buzunsa. Mutum biyar da suka yarda da kuskure ɗaya sun fi mutum ɗaya wuyar gyaruwa, domin kowa ya sami shaida. Maganin da yaran suka samo shi ne wani ɗan littafi da suke rubuta duk abin da suka rabu ba su daidaita a kansa ba, mutum ɗaya ya kai wa malamin kwas ɗin ko wani na gaba da su. Ina roƙon malamai a ko'ina su riƙa karɓar irin wannan littafi hannu bibbiyu, domin tambaya ɗaya da ta fito daga gardamar mutum biyar ta fi nuna inda aji yake fiye da gyaɗa kan mutum ɗari biyar.

Sauran matsalolin na hali ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san su. Akwai mai son kwasa ba ya zubi, ya zo hannu rabbana bai taɓa tambayoyin ba. Irin wannan a yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, in bai sake ba a sallame shi cikin mutunci, domin shi ma cutar kansa yake yi. Aikin da malami ya ce kowa ya yi nasa don a ba shi maki, in aka zauna aka kwafe shi, sunansa satar amsa ko da a masallaci aka yi zaman. Masu jiran sai jarrabawa ta rage mako biyu su kafa ƙungiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Game da 'yan'uwanmu mata, waɗanda da yawansu daga gida suke zuwa, wasu da aure da goyo, kuma dole su koma kafin duhu, bai kamata a tsara bita da dare sa'an nan a ce ba su da himma ba. Su kafa tasu in sun fi sakewa da haka, ko a zauna da rana a fili cikin makaranta. Haka kuma in akwai wanda ba ya jin Hausa a cikin rukuni, kada harshen ya zama katangar da za ta kore shi. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ɗan Kudu ne da ya tashi a Sabon Gari, yakan yi nasa bayanin da gaurayen Hausa da Turancin kasuwa, kuma ba a taɓa rasa gane shi ba. Sharaɗin dai shi ne mutum ya bar kalmomin takarda ya faɗa da nasa.

Ɗan'uwana ya ci kwas ɗin a karo na biyu, shi da uku daga cikin abokansa. Na biyar ɗin bai ci ba, kuma ba zan ɓoye wannan don in ƙawata labari ba.

Abin da ya rage shi ne namu rabon, mu 'yan sashen Hausa. Kalmar nan kimiyya da muke kiran dukkan ilmin zamani da ita, daga Larabci muka aro ta, kuma a can sunan wannan fanni ne na kemistiri. Daga wannan kalma ta Larabci ce Turawa su ma suka samo nasu sunan. Ashe ke nan kalma ɗaya ce ta shigo mana sau biyu, da fari ta hannun malamai da fatake, daga baya ta biyo Turawan da suka shigo Kano ta wannan Ƙofar Kabuga a 1903, har muka kasa gane ta da ta dawo da sabuwar riga. Magabatanmu a wannan fage sun yi nasu ƙoƙarin. An sami Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 ƙarƙashin editancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, wanda da shi muke nazarin harshe da adabi da Hausa a yau ba tare da jin wani ƙaranci ba, an kuma sami Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Idan har an iya samar wa ilmin furuci da ginin jimla kalmomi, ban ga abin da zai hana a samar wa mol da asid ba. Sai dai kalmar da aka ƙirƙira a ofis sau da yawa a ofis take mutuwa. Wadda ke rayuwa ita ce wadda ta fito daga bakin mai buƙatarta a lokacin da yake cikin buƙatar, kuma irin waɗannan suna zuba kullum a soraye da gindin bishiyoyi inda ɗaliban kimiyya ke bita, ba mai tsincewa.

Shawarata ga 'yan'uwana masu neman batun kundin kammala digiri ita ce, maimakon mu sake rubuta bikin aure a garinmu karo na ɗari, wasunmu su nemi izinin irin waɗannan ƙungiyoyi su zauna da su zango guda, su rubuta yadda suke fassara, da inda Hausa ta taimake su, da inda ta yaudare su. Ƙungiyar ɗaliban Hausa kuma tana iya neman takwararta ta ɗaliban kemistiri a zauna ko da sau ɗaya a zango, su kawo ma'ana mu kawo kalma, malaman ɓangarorin biyu su yi mana alƙalanci. Ni dai na fara da ɗan littafina, kuma kalmar da ke shafin farko har yanzu ba ta da abokiyar zama. Ina neman taimakon malamaina a kanta: in mun bar wa man shanu narkewa, me za mu kira abin da sukari ke yi a cikin shayi?